Shekarar da Alhazan Maraɗi Suka Wanke Ciki

Ranar nan wani sabon ɗalibi, ɗan Zariya, ya tsaya a bayana ina jera kwalabe a cikin injin wulwulawa, ya ce, "Malam, ashe aikin naku danna maɓalli ne kawai, inji ya yi sauran." Na ce masa haka ne, ya zo ya danna. Yana miƙo hannu na buge hannun. Kwalaben nan da ya gani, sai da na ɗora kowace da abokiyar zamanta a kan sikeli, domin in ɗaya ta ɗara ɗaya nauyi, injin nan in ya ɗauki gudu zai iya tarwatsa kansa, ya haɗa da mai tsayuwa kusa da shi. Abin da ke cikin kwalaben kuwa, wata da watanni ina rainonsa. To saboda shi da ire-irensa na zauna nake wannan rubutu, tunda na ga in na yi magana da baki wayoyinku kuke dubawa.

Sunana Habibu, mutumin Kano. Na fara aiki a ɗakin gwajin wani asibiti a gida, inda jini da fitsari da bayan gida suka zama abokan hirata tun ina saurayi. Ƙarin karatu ya kawo ni Guangzhou, da na gama sai farfesan da na yi karatu a hannunsa ya riƙe ni ma'aikaci a ɗakin gwajinsa. A nan gemuna ya yi fari.

Bari in fara da abin da muke yi, don wasunku har sun yi wata a nan ba su sani ba. A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa ƙirguwa, kuma mafi yawansu ba abokan gaba ba ne, tare ake zaune. Tsakaninsu da jinin mutum akwai bango, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ƙwayoyin jikin mutum ne suka jeru layi ɗaya, kowace an ɗinke ta da maƙwabciyarta, sannan aka shafe samansu da yauƙi. Aikin bangon nan ya bar abinci da ruwa su wuce, ya tare ƙazanta. In ɗinkin ya saki, abin da bai kamata ba ya riƙa yoyo zuwa cikin jiki, jiki ya tayar da kumburi, mutum ya yi ta fama da ciwon da ya kasa nuna wurinsa. Su kuma bakteriyar, galibinsu ba sa zuwa su taɓa bangon da kansu. Aike suke yi. Ƙwaya takan tsinko ɗan yanki na fatarta, ta ƙunshe wasu abubuwa nata a ciki, ta sake shi. Mu a nan 'yan ƙulli nake kiransu, kamar ƙullin gishirin da ake ba yaro ya kai maƙwabta. Ƙullin nan shi ke ratsa yauƙi ya isa bango. Na wasu ƙwayoyin in ya isa ɗinki ya ƙara ƙarfi, na wasu kuma warware shi yake yi. Aikinmu mu raini ƙwayoyin, mu tattara ƙullinsu, mu zuba a kan bangon da muka shuka da hannunmu, mu ga me zai faru.

Wadda ta koya mini hannu wata tsohuwar ma'aikaciya ce, Lin Lawshi muke ce mata, wato Malama Lin. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda da takardar shaidar kowa ba. Na zo ina ji da kaina, na yi shekaru a asibiti, sai ta ajiye ni a wurin wanke kwalabe har sai da fatar hannuna ta yi laushi. Daga nan ta kai ni gaban akwatin. Akwatin gilashi ne mai girman teburin mai shayi, an cire masa iskar da muke shaƙa, domin yawancin ƙwayoyin hanji iskar nan guba ce gare su, suna haɗuwa da ita suke mutuwa. Hannu kawai ke shiga, ta cikin dogayen safar roba da ke manne da gilashin, har kafaɗa. Ka zura hannu ke nan hancinka zai fara ƙaiƙayi, wannan ba ya fashi. Ga zafin garin nan mai danshi, gumi ya taru a yatsun safar har ka ji kamar a kwano kake wanki. A haka za ka ɗauki ɗan siririn tsinke ka shafa ƙwaya a kan faranti, ba tare da ka huda abincin da aka shimfiɗa mata ba.

Ranar da na fara tattara ƙulli ba na mantawa. Mun raini ƙwaya a cikin romo har ya yi duhu, muka wulwula muka zubar da ƙwayoyin, muka tace ruwan da matata mai ƙananan ƙofofi wadda ƙwaya ba ta iya bi sai ƙulli, sannan muka sa a babban injin ya yi ta juyi tun hantsi har la'asar. Da na fito da kwalbar na ɗaga ta a haske, ban ga komai ba. Na juya na ce mata, "Meyo," kalmar da kowane ɗan kasuwa ya fara koya a garin nan, wato babu. Ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta, ta ce, "Yo." Akwai. Ta nuna mini ɗan ɗigon alƙalami da ta yi a gefen kwalbar tun kafin mu sa ta a inji. A daidai nan abin ya kwanta, ko ka gani ko ba ka gani ba. Ta koya mini yadda zan zuƙe ruwan ta ɗaya gefen, in ɗiga sabon ruwa a kan ɗigon a hankali, in narkar da abin da idona bai taɓa gani ba. Har yau haka nake yi, kuma har yau ba na yarda kowa ya yi mini magana a lokacin.

Shi kuma bangon, shuka shi ake yi. Ƙwayoyin hanjin ɗan Adam ne muke zubawa a kan wata 'yar fata mai laushi a cikin ɗan kofi, mu yi ta canza musu ruwan abinci kusan mako uku kafin su haɗu su ɗinke. Ba su san Lahadi ba, ba su san Sallah ba. Sau nawa na sauko daga Idi da babbar riga na wuce ɗakin gwaji na ba su abinci kafin in ci nawa. In sun nuna, sai mu auna ƙarfin ɗinkin da wasu tagwayen ƙarafa masu kama da tsinken cin abincin mutanen nan: ɗaya a cikin kofi, ɗaya a waje, a tura 'yar wutar lantarki. In ɗinki ya yi ƙarfi wutar ta sha wuyar wucewa, lamba ta hau. In ya saki, lamba ta faɗi. Hannunka ya ɗan karkace ka soki bangon, aikin mako uku ya tafi.

Masu kawo mana aiki kuwa, ɗalibai ne da likitoci, kuma halinsu ɗaya. Kowa yana son sakamako jiya, kowa kuma ya riga ya yanke cewa ƙwayarsa ta kirki ce. In lamba ta hau, gwanintarsa ce. In ta faɗi, sai a zo ana tambayata ko na wanke kwalba da kyau. Na saba, ba ya hana ni cin tuwo.

A cikinsu duka, wadda aikinta ya fi tsaya mini a rai Rakiya ce, 'yar Maraɗi. Ta zo neman digirin digirgir da tallafin karatu mai wa'adi, in wa'adin ya cika ba ta gama ba, gida za ta koma hannu wofi. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta taɓa ce mini aikina danna maɓalli ne ba. Tambayarta mai sauƙin faɗa ce. Duk ƙwayoyin da ke cikin firizarmu daga cikin mutanen ƙasar nan aka samo su. To mutanen da suka tashi da fura da nono da tuwon gero da miyar kuka fa, wane irin ƙulli ƙwayoyin cikinsu ke aikawa? Ƙarfafa bango yake yi ko kuwa? Farfesa ya ji daɗin tambayar. Matsalar ita ce sai an samu bayan gidan mutanen da suka zo daga gida kwanan nan, kafin shinkafa da taliyar Guangzhou su canza musu ciki. Irin waɗannan mutane sau biyu suke cika gari a shekara, da bazara da kaka, lokacin baje kolin Pazhou.

Rakiya tana da kawu a cikinsu, Alhaji Isuhu, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya sa ta a makaranta. Wandunan jins yake saro a garin Xintang ya loda a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kuma in ya yi magana sauran 'yan kasuwar Maraɗi ba sa musu. Ta ce mini zai taimaka, amma ita bakinta ba zai iya furta abin da take so a gabansa ba. Ta roƙe ni in raka ta.

Muka same shi a masaukinsa a Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi sauka, yana zaune a kan darduma an kewaye shi da samfurin wanduna. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai son raha. Rakiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta gabatar da ni, ta ce za ta je ta sayo ruwa. Ruwan da ba ta dawo da shi ba ke nan sai da muka gama.

Ya ce, "Malam Habibu, mi ɗiyar nan ka so? Tun a waya take ta kewaye-kewaye, ta kasa hwaɗi."

Na yi masa bayani yadda na yi muku, bango da ɗinki da ƙulli, yana ta gyaɗa kai. Da na iso kan abin da za a kawo, sai ya tsaya da gyaɗa kan. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sannan ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wannan shi ne karatun? Na kai ta lakkwal ta yi boko, ta wuce Yamai, ta hau jirgi ta zo Sin, ashe nan aka nuho!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan aka nufo."

Ya share hawayen dariya ya ce ba komai, ko mutum nawa take so zai kawo. Har na miƙe sai ya rage murya ya ce, "Ita da kanta za ta buɗe?"

Na ce masa i, aikinta ne. Ya ce to, madalla.

Muka tara mutanen, muka tambayi kowa ko ya sha wani magani a 'yan watannin nan, wanda ya sha muka ba shi haƙuri. Sauran muka ba su 'yan robobi masu murfi, muka ce nan da 'yan kwanaki su kawo. Suka kawo, babu wanda ya saɓa. Mun lura yawanci ruwa-ruwa ne, amma muka ce baƙo da sabon ruwa da sabon abinci, ba abin mamaki ba ne. Rakiya ta zura hannu a akwati ta shafa faranti bayan faranti, tana aiki tana 'yar waƙa a hanci.

Farantan suka tashi kusan fayau. Inda ya kamata a ga ɗigo-ɗigo iri-iri sun cika faranti, sai ka ga 'yan tsiraru, su ma irin masu taurin kan nan da ba sa tsoron iska. Ƙullin da muka samu daga gare su, wani bai yi wa bango komai ba, wani kuma lamba ya faɗar. Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'ar nan. Muka zargi akwati, muka kwance shi muka canza safar da tukunyar gas. Muka zargi romo, muka dafa sabo. Lin Lawshi, da ke shirin ajiye aiki, ta ɗauko samfurin mutanen nan ƙasar ta shafa a faranti ɗaya da romo ɗaya a akwati ɗaya, ya tsiro har yana hawa kan juna. Ke nan kayan aikinmu lafiya lau. Kafin mu gama wannan bincike baje koli ya watse, alhazai sun koma gida.

Farfesa mutumin kirki ne, amma shi ma akwai na sama da shi. Ya ce a sake gwadawa da kaka. In aka kuma samun haka, sai ta rubuta abin da ta gani ko ta canza tambaya, kuma duk mun san babu sauran lokacin da za a fara sabuwar tambaya. Damina ta zo da zafinta da ruwanta, Rakiya ta yi ta ramewa. Wata rana da rana tsaka na same ta zaune gaban akwati, hannunta a cinya.

Ta ce, "Baba Habibu, in gaskiya ne fa? In haka cikin mutanenmu yake? Sai in rubuta da hannuna cewa mutanen garinmu ba su da komai a ciki sai masu ɓarna?"

Na ce mata ni na yi shekaru ina duba bayan gidan Hausawa a Kano, ban taɓa ganin ciki fayau haka ba sai na mai jinya. Maganarta ta yi mini ciwo ƙwarai, na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

Da kaka alhazai suka dawo. Wannan karon Rakiya tana da aji, sai na ɗauki robobin ni kaɗai na same su bayan azahar a wani gidan abinci a saman bene, inda wata mata 'yar Ghana ke tuƙa tuwo. Aka matsa mini wuri, muka ci, aka yi ta hirar kuɗin kwantena da wane lawban ne, wato mai masana'anta, ya cika alkawari, wane ne ya ce meyo. Na yi tambayata ta magani, kowa ya ce bai sha komai ba. Na raba robobi. Ina ɗaure jakata sai na ga Alhaji Isuhu ya jawo wani babban fulas daga ƙarƙashin tebur, ya fito da leda cike da farar ƙwayar nan mai ɗaci da kowa ke sha in gudawa ta kama shi, da kafso ja da rawaya.

Ya ce, "To jama'a, kamar wancan karo. Kowa shi miƙo kohi. Jibi za a kai ma ɗiyar nan kaya."

Warin ya iso hancina kafin in tambaya. Filasko ne, ganyen wankin ciki, an dafa shi ya yi baƙi. Na kusa da ni har ya kai ƙwaya baki. Ban san lokacin da na kama hannunsa ba, dattijo ne da ya girme ni.

Na juya ga Alhaji Isuhu na ce, "Alhaji, don Allah mene ne wannan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinsu. "Wankin ciki mana. Malam Habibu, ɗiyar ƙanwata ce. A kahwaɗata ta yi wayo. Kai ka ce mani ita za ta buɗe da hannunta. In miƙa mata ƙazanta haka nan yadda take? Waɗannan kuma duk iyayenta ne. Ko baƙo za ka ba ruwa ai ka ɗauraye kwano."

"Da bazara ma haka kuka yi?"

"Kwana da kwanaki muna yi. Wallahi har wani nan ya kasa zuwa Pazhou, ƙahwa ba ta ɗaukar shi. Amma mun ce in dai don ita ne, ba komi."

Sauran suka gyaɗa kai, suna jiran in yaba musu. Ba su yi mana ƙarya ba, da bazara lokacin da muka tambaye su ba su sha komai ba. Bayan mun ba da baya ne suka yi abin da suke ganin shi ne mutunci. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Filasko ya share, farar ƙwayar nan kuma aikinta ke nan kashe ƙwayoyin da ba sa son iska, su ne kuwa waɗanda muke nema.

Na ce, "Ranka ya daɗe, iri ta roƙa za ta shuka. Kun tausaya mata, kun soya shi kafin ku ba ta."

Manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya ajiye fulas ɗin. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Ke nan ramar da na gani gare ta jiya, mu ne."

Kafin in amsa ya sake jefo tambaya.

"In ba a samu ba wannan karo?"

Na ce, "Gida za ta koma, ba takarda."

Ya miƙa hular nan tsakiyar tebur ya ce kowa ya zuba ƙwayar da ke hannunsa da wadda ke aljihunsa. Hula ta cika. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi fa tun a filin jirgin Yamai ya fara sha, don ya riga kowa tsabta, bai ɗauke shi magani ba da na yi tambaya. Na gaya masa gaskiya, shi ya fita daga lissafi, cikinsa sai ya yi watanni kafin ya dawo. Wannan ta fi komai yi masa zafi, na gani a fuskarsa.

Amma kunyar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, kuma ba abin raini ba ce. Wani daga cikinsu ya ce to yanzu yaya za a yi, haka nan za su miƙa wa 'yarsu? A nan muka yi yarjejeniyar da har yau da ita ake aiki a ɗakin nan. Na ce ni kaɗai zan karɓa, ni kaɗai zan buɗe. Zan cire suna in sa lamba. Abin da zai isa hannun Rakiya faranti ne da ruwa garai-garai a kwalba, ba za ta taɓa sanin na wane ne ba. Alhaji ya sa na maimaita a gaban kowa, sannan ya ce a shafa fatiha.

Na gaya wa Rakiya abin da ya kashe farantan bazara, domin dole ta sani, aikinta ne. Ban ce ga wanda ya kawo shawarar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, na fita na ba ta wuri.

Alhaji Isuhu kuwa ya zama ɗan sanda. Duk inda mutanensa suka nufa a rumfunan Pazhou yana biye, wanda cikinsa ya yi ƙugi sai ya zo ya kai rahoto. An ce har jakar wani ya zazzage a bakin masallaci. Da kansa ya riƙa rako kowa har bakin ƙofarmu, ya tsaya daga nesa yana kallon bishiyoyi, ni kuma in karɓa in ruga ciki, don abin ba ya son jira.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe ƙofar ɗakin da safe, na leƙa akwati. Farantai sun cika, fari da rawaya da mai sheƙi da mai kama da ƙasa. Da muka fito da na farko wari ya bugi ɗakin, irin wanda ke korar baƙo. Lin Lawshi ta shaƙa ta lumshe ido ta ce, "Yo." Daga nan aiki ya koma irin wanda na saba, raino da tacewa da wulwulawa da ɗigon alƙalami. Ba duka ne na kirki ba, kada ku ɗauka tatsuniya nake ba ku. Wasu ƙullin sun sassauta ɗinki, da yawa ba su yi komai ba. Amma akwai waɗanda in an zuba su a kan bangon da muka raunana da gangan, lamba takan tsaya da faɗuwa ta fara hawa. Rakiya ta maimaita har ta gaji da shakka. Farfesa ya ce ta fara rubutu.

Da bazara ta zagayo, tana tsakiyar rubutun, sai Alhaji ya kira ni ya ce in same shi a Huangpu da hantsi, ana loda masa kaya. Na same shi a tsakanin kwantenoni, ya ɗan faɗa. Ya ja ni gefe inda masu lodi ba sa gani, ya fito da wani abu daga aljihun babbar riga, an naɗe shi da sabon ƙyallen jins an ɗaure da zare. Robar da na ba shi tun kaka ce, ashe bai yar ba.

Ya ce, "Tun ranar nan ban sake sha ba, ko ƙwaya ko hilasko. Ciki ya yi ta kuka, na ce yi ta yi. Hura da nono kullum. Na sahe ne, yanzu-yanzu."

Rakiya ta riga ta samu abin da ya ishe ta, ba ta buƙatar ƙari. Ban gaya masa haka ba. Na karɓa da hannu biyu, na tari mota na koma. Na ba samfurin lambar ƙarshe, na shafa shi kamar na kowa.

Ya tsiro. Bai cika faranti kamar na sauran ba, akwai gurabe, amma masu gudun iskar nan sun fara dawowa. Na tattara ƙullin na miƙa wa Rakiya, na ce wani ne ya makara. Ta zuba a bango, washegari ta auna, lamba ta ɗan ɗaga kaɗan. Ta daɗe tana kallon farantin ta gilashi.

Ta ce, "Baba Habibu, wannan bawan Allah cikinsa ya sha wuya. Amma dubi, yana farfaɗowa. Allah ya ba shi lafiya, ko wane ne." Ta sa shi a cikin aikinta, shi ne layin ƙarshe.

Kafin ya koma gida na je yi masa sallama, na ce, "Alhaji, an yi maka addu'a."

Ya ce, "Ta san ni ne?"

Na ce ba ta sani ba.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya yana gyara ɗaurin wata jaka da ba ta buƙatar gyara. Can ya ce, "Kar ta sani ina da rai. In na tahi, ka hwaɗa mata in ka ga dama. Sannan ba ni nan balle in ji kunya."

Rakiya ta gama, ta koma gida da takardarta, yanzu ita ke koyar da wasu. Ƙwayoyin alhazan suna nan a firiza ta biyu, a shiryayye na ƙasa, kuma ku sababbin zuwa da su za ku yi aiki, don haka ku san yadda aka same su kafin ku miƙa hannu.

Da kakar bana mutanen Maraɗi sun zo, babu Alhaji Isuhu a cikinsu. Sun ce ya rasu da azumi, a gidansa, Allah ya jiƙansa. Na yi ta ɗaga waya in kira ta ina ajiyewa, bakina ya kasa, kamar yadda nata ya kasa a gabansa. To ga shi na rubuta. Rakiya, lambar ƙarshen nan da kika yi wa addu'a, kawunki ne.